Shuka ciyawar gida da kaka a Ingila: yadda za ka yanke kuɗin jinga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Birmingham, ina gyaran lambun gidaje a ƙarshen mako. Wata dattijuwa ta ce in shuka mata ciyawa a filin bayan gidanta, kimanin murabba'in mita 60. Ba ta son wadda ake sayowa a nannaɗe a shimfiɗa, ta ce ta yi tsada, iri take so. Muna farkon Satumba. Tunda irin da araha, nawa ya kamata in ce mata?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Lokacin ya yi maka daidai. A Ingila daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ƙasa na riƙe da ɗumin watannin zafi, ruwan sama kuma ya dawo, ga ciyayin banza sun fara ja da baya. Kada dai ka yi nawa, don in ɗumin ƙasa ya sauka ƙasa da digiri 8 zuwa 10, iri sai ya kwanta ya ƙi tsiro.

Inda nake jin tsoro shi ne wannan kalma taka ta "araha". Gaskiya ne, giram 35 ake watsawa a kowane murabba'in mita, wato kilo biyu da ɗoriya ya ishe ka, kuma da wuya kuɗinsa ya wuce fam 40, alhali ta nannaɗe za ta ci fam 200 ko fiye kafin ma a kawo ta. Amma in ka ɗora farashinka a kan kuɗin iri, ka yi wa dattijuwa aikin lada ne. Abin da kake sayarwa ƙarfinka ne da zirga-zirgarka.

Zauna ka lissafa. Za ka tuge tsohuwar ciyawa da saiwoyinta, ka kafce ƙasar, ka tsince duwatsu. Bayan gidajen Ingila ba a rasa fasassun bulo a binne, kuma in ƙasar laka ce mai danƙo, sai ka ɗauko hayar injin kaftu. Daga nan ka bi da manjagara ka baje, ka tattake da dunduniya taku bayan taku har ƙasa ta zauna, ka sake bajewa. Mai son aiki mai kyau yakan bar filin sati biyu ciyayin banza su fito, ya nome su, sannan ya zuba taki ya watsa iri. Ka ga tun kafin shuka ka je gidan sau biyu ko uku. Bayan shuka kuma akwai komawa: tantabaru za su yi watanda da wani ɓangare sai ka cike gurbi, ganyen bishiyoyi zai zubo ya danne tsiron sai an kwashe, sannan yankan farko in ciyawar ta kai santimita 7 ko 8, a rage mata kashi ɗaya cikin uku kawai. Kowace tafiya ka sa mata awanninta da kuɗin mai, ka haɗa da hayar inji da taki da kuɗin zubar da shara, sannan ka ɗora ribarka. Abin da ya fito shi ne jingar, ko da ya ninka kuɗin irin sau goma.

Sai maganar karɓar kuɗi, wadda ita ce ke haɗa mutane faɗa. Mai shimfiɗa ta nannaɗe da yamma ya gama, mai gida ta ga kore shar, ta biya. Kai kuwa ranar da ka gama, taɓo za ta gani. Irin ciyawar da ake kira ryegrass na leƙowa cikin sati ɗaya zuwa biyu, na wadda ake kira fescue ya fi shi jinkiri, kuma filin ba zai jure guje-gujen jikoki ba sai bazara. Saboda haka ka karɓi kafin alƙalami da zai rufe kayan aiki, ka karɓi kaso mafi tsoka ranar shuka, ka bar ɗan ƙarami zuwa yankan farko. Ka rubuta a takarda cewa ban ruwa a kanta yake in an yi kwanaki ba ruwan sama, kuma cike gurbi sau ɗaya ne kyauta. In ba haka ba, karenta ya tone filin a Nuwamba kai za a kira.

Tunda ka ce a ƙarshen mako kake yi, duba takardunka. Bizar karatu ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba. In kana da izini, da zarar abin da ke shigo maka daga wannan aiki ya haura fam 1,000 a shekarar haraji, sai ka yi rajista da hukumar haraji, wato HMRC. Ɗaukar sharar lambu a motarka ma na buƙatar rajista da hukumar kula da muhalli, wato Environment Agency, kuma ka yanki inshorar ɓarna kafin injin kaftu ya fasa wa wani bututun ruwa.

In dattijuwa ta ja ciniki har Oktoba ta raba, kada ka shuka don gudun rasa aikin. Ka gyara mata ƙasar, ta biya wannan, shukar ku bar ta sai Afrilu.