Fulogi uku cikin wata biyu: wanne ya dace da babur ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ina acaɓa a Zariya tsakanin Kwangila da Samaru da babur mai inji 125, irin zubin CG na Honda. Cikin wata biyu na canza fulogi har sau uku. Duk wanda na ɗaura, bayan sati biyu sai ya yi baƙi ƙirin, da safe kuma sai na yi ta buga kik har in yi gumi kafin mashin ya tashi. Mai shago ya ce in ƙara kuɗi in sayi mai tsinin iridiyom, abokina kuma ya ce in nemi mai ƙaramar lamba don ya fi wuta. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ajiye kuɗinka a aljihu tukuna, domin duka shawarwarin biyu ba su taɓa inda ciwon yake ba.

Injin zubin CG mai 125 galibi D8EA yake sha idan na kamfanin NGK ne, ko D8TC idan Torch ne. Idan kana da littafin da aka ba ka tare da babur ɗin, ko ka adana fulogin da ya zo da shi daga kwali, to abin da ke rubuce a can shi ne alƙali, ya fi maganata. Waɗannan haruffa da lambobi ba ado ba ne. A tsarin NGK, harafin farko yana nuna kaurin tiredi, wato wajen da ake murɗawa cikin inji: D milimita 12, C milimita 10, B kuma milimita 14, wanda a babura aka fi gani a injina masu shan fetur gauraye da baƙin mai. Harafin da ke bin lamba shi ne tsawon tiredin: E milimita 19, H milimita 12.7. Shi ya sa roba-roba mai inji 110 take shan C7HSA, siriri kuma gajere, naka kuma yake shan mai kauri da tsawo.

Kauri ba ya yaudarar kowa, don idan bai dace ba ma ba zai ɗauru a ramin ba. Tsawo ne yake cuta. An taɓa turo mini wata roba-roba gareji, mai ita ya sayi CR8E a hanya saboda ya ga ya ɗauru lafiya. Kaurinsu ɗaya da C7HSA, amma ya fi shi tsawo da sama da milimita 6. Wannan rarar ta leƙa cikin silinda. Allah ya taimake shi fistin bai daki fulogin ba, amma baƙin toka ya daskare a kan tiredin da ya leƙa, da muka zo kwancewa sai ya taho da tiredin tof ɗin, wato murfin kan silinda, gaba ɗaya. Fulogin 'yan kuɗi kaɗan ya ja masa gyaran tof. Idan kuwa gajere aka sa a ramin dogo, tartsatsin yakan ɓuya a cikin rami, mashin ya riƙa sarƙewa, ragowar tiredin kuma ya cika da toka.

Sai maganar abokinka. Lambar da ke tsakiya, wato 8 ɗin da ke cikin D8EA, ba ƙarfin wuta take nunawa ba. Ƙarfin tartsatsi daga kwayil yake zuwa. Lambar tana nuna saurin da fulogi yake sauke zafin bakinsa zuwa jikin tof. Ana so bakin fulogi ya zauna tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyos. Idan bai kai 500 ba, ba zai iya ƙone tokar da ke sauka a kansa ba, sai ya yi baƙi. Idan ya zarce 800, bakin yakan yi ja kamar garwashi, ya kunna fetur tun kafin tartsatsi ya zo, kuma wannan shi ke huda kan fistin. A NGK da Denso, ƙaramar lamba ita ce mai riƙe zafi, babba kuma mai saurin hucewa. A Bosch da Champion abin a juye yake, babbar lamba ce mai zafi. Don haka 7 ɗin wannan kamfani ba ita ce 7 ɗin wancan ba, kada mai shago ya haɗa maka su da lamba kawai.

Gaskiya ne idan ka sa D7EA zai ɗan jima bai yi baƙi ba, abokinka ba daga sama ya tsinci maganar ba. Amma rufe tukunya ne da wuta a ƙasa. Kai da kake wuni a kan titi, ka ɗauki mutum biyu da buhu ka nufi Shika ko Giwa a zafin watan Afrilu, fulogi mai riƙe zafi hatsari ne ga fistin ɗinka. Ni ba na sauke wa ɗan acaɓa lamba daga abin da kamfani ya rubuta.

Abin da ya kamata ka yi shi ne ka ɗauko fulogi na ƙarshe da ka cire, ka shafa bakinsa da yatsa. Baƙin iri biyu ne, kuma kowanne da labarinsa.

Idan busasshe ne kamar baƙin gindin tukunya, yana kakkaɓuwa, fetur ne ya yi wa iska yawa. A Zariya abin da nake fara dubawa shi ne soson tace iska. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin unguwa tana toshe shi cikin 'yan makonni, injin ya kasa shaƙar iska, sai ya riƙa zuƙo fetur fiye da kima. Da yawa cikin masu zuwa mini da irin kukanka, da na buɗe akwatin soson sai in tarar ya zama kamar tubalin laka. A wanke shi, ya bushe, a ɗan shafa masa mai kaɗan idan na soso ne, idan na takarda ne a canza. Bayan shi sai cok: wani yakan ja shi da asuba saboda sanyi, ya manta bai mayar ba har azahar. Sai kafireto, ko allurarsa ta lalace, ko yana ambaliya, ko wani ya murɗa masa sukurun iska don mashin ya yi ƙara mai daɗi. Doguwar tsayuwa a bakin tasha da inji a kunne kana jiran fasinja ita ma tana ƙara baƙin, haka nan fetur ɗin galan da ba ka san abin da aka gauraya masa ba.

Idan kuwa baƙin jiƙaƙƙe ne, yana maiƙo a yatsa, salansa kuma tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne yake haurowa. Ko ringi ya cinye, ko robar bawul ta saki. A nan ko fulogin zinare ka ɗaura, sati biyun nan dai zai yi. Ka lura ko man injinka yana raguwa tsakanin juye da juye.

Lafiyayyen fulogi launin ƙasa-ƙasa yake yi, kamar gasasshiyar gyaɗa. Fari fat mai ƙuraje shi ya fi baƙi haɗari, don alama ce ta zafi ya yi yawa.

Iridiyom ba ƙarya ba ne. Tsininsa siriri ne, na NGK milimita 0.6, yana buƙatar ƙaramin ƙarfi kafin ya ba da tartsatsi, kuma yana daɗewa bai cinye ba. Wanda ya yi daidai da injinka shi ne DR8EIX. Amma amfaninsa sai a inji mai lafiya, toka ba ta san tsada ba. Sannan shi ne aka fi yin jabunsa, tunda nan ribar take. Idan ka shiga Sabon Gari saye, ka duba rubutun jikin farin tangaran: na gaske a fili yake, ba ya gogewa da farce. Wasar ƙarfe, wato zoben da ke gindin tiredi, ba ta zarewa ta faɗo da kanta. Lanƙwasasshen ƙarfen baki kuma ya tsaya daidai saman tsini, ba a karkace ba. Wanda aka ce maka iridiyom ne amma kuɗinsa ya yi kusa da na gama-gari, ka bar masa kayansa. Harafin R da kake gani a wasu yana nufin akwai abin rage hayaniyar lantarki a ciki. Baburan zamani masu agogon lantarki ko marasa kafireto su ne ba a wasa da shi a kansu.

Wajen ɗaurawa, a jira inji ya huce, a hure ƙurar da ke kewaye da ramin kafin a kwance tsohon. Tazarar bakin D8EA milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, a gwada da abin awon da ake saita bawul da shi, ba da ido ba. Ka fara murɗa sabon da hannu har ya zauna, sannan ka sa sifana ka ƙara kamar rabin zagaye. Idan tsoho ne kake mayarwa, wasarsa ta riga ta matse, ɗan taɓi kaɗan ya isa. Tof ɗin alminiyom ne, ba ya jure ƙarfin tuwo. Ka leƙa cikin hular fulogin ma, idan ta tsage ko ta yi tsatsa a canza ta, don ita ma tana sa wahalar tashi da safe.

Saboda haka ka sayi D8EA na gaske guda ɗaya, a gyara soso da kafireto a rana ɗaya da ɗaura shi. Ka yi aikinka na kwana uku. A rana ta huɗu, bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka kashe mashin nan take ba tare da ka bar shi a kunne a tsaye yana silo ba, ya huce, ka kwance ka duba. Idan ya fito launin gyaɗa, an gama. Idan ya sake fitowa da maiƙo, ka tanadi kuɗin ringi da robar bawul.