Su wane ne Teddy Boys?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Teddy Boys 'yan daba ne kawai. A'a, tufafi ne ya fara haɗa su.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, telolin titin Savile Row a Landan suka farfaɗo da ɗinkin zamanin Sarkin Ingila Edward na Bakwai don 'ya'yan masu kuɗi. Sai samarin unguwannin talakawa, 'yan ƙwadago, suka ɗauke shi a farkon shekarun 1950. Teddy laƙabin Edward ne, daga nan sunan ya fito. Doguwar kwat har kusan gwiwa mai wuyan karammiski, tsukakken wando, takalmi mai kaurin tafi, gashi ya sha man Brylcreem an tayar da shi a goshi. Yaro na biyan tela kaɗan-kaɗan duk mako kafin kwat ta zama tasa. Masu kuɗin kuwa, da suka ga haka, suka yar da salon.

Amma zarginka ba banza ba ne. Wasu Teddy Boys sun yayyaga kujerun silima a 1956, kuma a tarzomar unguwar Notting Hill ta Landan a 1958 suna cikin waɗanda suka far wa baƙaƙen fata 'yan Karibiyan.