Durowar "Chippendale": a saya ko a bari?

Tambaya: Ina zaune a Leeds. Na ga tsohuwar durowar kaya ta katakon mahogani a wani shago, mai shagon ya ce ta Chippendale ce, ya tsawwala kuɗi. In saya?

Amsa: Hajiya, ki ce ya nuna miki takarda. Thomas Chippendale, shahararren kafintan ƙarni na 18, haifaffen Otley ne, nan kusa da ke, ya kafa shagonsa a Landan, amma ba ya buga suna a jikin aikinsa. Kayan da aka tabbatar nasa ne, irin na manyan gidajen tarihi na Harewood da Nostell, takardun ciniki ne suka ba da shaida. Littafin zanensa na 1754 kuwa ya shiga hannun kafintocin birni da ƙauye, kowa ya kwaikwaya. A bakin 'yan kasuwa, "Chippendale" sunan salo ne kawai. Masu buga suna su ne irin kamfanin kafintoci na Gillows a Lancaster, tambarinsu yakan fito a saman bakin aljihun.

Ki zaro aljihu ɗaya ki juya shi. Haƙoran haɗin kusurwa da aka yanka da hannu ba sa zuwa daidai wa daida; in sun jeru cif-cif, aikin inji ne. Ki leƙa bayan mariƙin tagulla: ramukan da aka toshe na nuna an sauya shi. Ba aibu ba ne, amma hujjar neman ragi ce. Dama farashin irin waɗannan kaya ya faɗi ƙwarai a Ingila cikin shekarun nan, kada ki ji nauyin tayawa.

Tambaya: Ina so in aiko da irinta Kano cikin kayan ɗakin 'yata.

Amsa: Alhaji, ni dai ba zan ba ka goyon baya ba. Da yawansu siririn fallen mahogani ne aka liƙa kan wani katako da gam ɗin fata, an yi su don ƙasa mai danshi. Hunturun Kano ɗaya ya isa ya ɗaga fallen, gefe ya tsage. Sannan in akwai hauren giwa a bakin makulli, dokar Birtaniya da ta fara aiki a 2022 ta wajabta rajista kafin a sayar, fitar da shi ma sai da izini. In siffar ce ta burge ka, ɗauki hoto da awo ka kai wa ƙwararren kafinta ya yi maka da busasshen maɗaci, dangin mahogani ne.