Yara 40 a dinar ƙanwata, ya zan yi da su?

TAMBAYA: Salam Anti, don Allah shawara nake nema. Bikin ƙanwata za mu yi bayan ƙaramar sallah kuma ni ce babba, komai a kaina yake. Da muka ƙirga yaran danginmu kaɗai sun kai 40 banda na dangin ango, kuma kin san halin mutanenmu, ko an rubuta a kati ban da yara sai an zo da su. A bikin yayanmu yara ne suka ture kek tun kafin amarya ta shigo. Ya zan yi su zauna lafiya a wajen dina? Daga wata ƙanwarki a Gwammaja.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Kin kyauta da kika haƙura da zancen hana zuwa da yara, don a Kano wannan rubutun na jikin kati ado ne kawai, wadda za ki hana ita ce za ta zo da huɗu har da na maƙota.

Ni malamar nazire ce kuma na daɗe ina riƙe ɓangaren yara a bukukuwa, abin da na gani shi ne mutane kayan wasa suke fara tunani, alhali mutum ya kamata a fara nema. Ko lilo kika kafa a hol ɗin nan in babu wanda aikinsa kawai yaran ne, to sunan wajen filin dambe. Ki samu mata 5 ko 6 ga yara 40, kuma don Allah kar ki ɗauko daga ƙawayen amarya ko masu anko, wallahi DJ yana sakin waƙar da suke so za ki neme su ki rasa. Ki nemi malamar islamiyyar unguwarku ko ta nazire da 'yan mata uku huɗu da ba ruwansu da bikin, ki biya su, ki ba su abincinsu da wuri, sannan ki haɗa musu da dattijuwa ɗaya cikin dangi wadda ta san ɗan wane da ɗan wane, irin gwaggon nan da in ta yi gyaran murya kowa sai ya nutsu.

Sai lokaci, wanda shi ne yake kashe mu. A kati an ce ƙarfe 7, amarya kuma sai tara da rabi tana wajen kwalliya, ba a raba abinci sai ta shigo, yaron da rabonsa da abinci tun azahar kuma ƙarfe 9 lokacin barcinsa ne, me kike so ya yi in ba kuka da ɓarna ba? Yawancin rigimar da ake cewa rashin ji ce yunwa ce da barci. Don haka abincin yara daban, suna zuwa a ba su, ba ruwansu da jiran amarya. Shinkafa ko taliya mara yaji a ƙananan robobi, fanke, cincin, ayaba, kankana da aka cire wa ƙwallo, da ruwa mai yawa musamman in bikin ya faɗo cikin zafin nan na Afrilu da garin ke haura digiri 40. Lemon kwalba ki bar shi a teburin manya, zoɓo mara sukari da yawa ya ishe su. 'Yan ƙasa da shekara 4 kuma ban da gyaɗa, ban da alawa mai tauri, ban da nama mai ƙashi ko mai tsinke, waɗannan su ne suke maƙale wa yaro a wuya cikin hayaniya ba wanda ya lura. Balan-balan ma in ta fashe a tsince guntayen nan take, ƙananan baki suke kai su.

Wajen zamansu ki je hol ɗin da kanki kafin ranar, ki zaɓi kusurwar da ta fi nisa da sifika da wayoyin wuta da janareto, amma inda uwa za ta ɗaga kai ta hango ɗanta. A shimfiɗa tabarma ko kafet, kujera ba ta riƙe yaro. Zancen sifika ba tsirfa ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta sa iyakar ƙara a wuraren shagali a kan desibel 100, wannan ma don manya ne, ke kuma kin san yadda DJ ɗinmu suke ƙure sauti har ƙirjinka yana rawa. Jariri dai kar a zauna da shi kusa da sifika ko na minti biyar.

Wasan kansa ba sai kin kashe kuɗi ba. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 6 da wuya ya wuce minti 10 zuwa 15 a kan abu ɗaya, shi ya sa ba a zube musu komai lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya ake fitowa da shi. Takardu da fensirin kala su zana amarya da ango, in sun gaji a tashe su a yi 'yar gaɗa da tafi, in sun yi gumi a zaunar da su a yi kacici-kacici. Manyan kuma 'yan 8 zuwa 12 su ba wasa suke so ba, girma suke so, ki ba su lido da carafke amma ki naɗa su muƙami, wannan mai raba ruwa wancan mai tattara robobi, za ki sha mamaki. Akwai wani biki da na yi a wani hol, wuta ta ɗauke janareto ya ƙi tashi kusan minti 20, yara suka fara ihu, kawai sai wata tsohuwa da ke gefenmu ta kunna fitilar wayarta ta ce ga ta nan ga ta nanku, ai kuwa suka haɗa baki ta zo mu ji ta, ta kama labarin Gizo da Ƙoƙi tana maƙale murya irin ta Gizo, har wuta ta dawo ba wanda ya motsa, wani ɗan ƙarami ma a cinyarta ya yi barci da cincin a hannu. Tun ranar ba na zuwa biki ba mai tatsuniya.

In za a sa mai lalle ta yi wa 'yan matan, jan lalle kawai, baƙin nan da ake haɗawa da dayis yana ƙona fatar wasu yaran har ya tashi ƙuraje, jarirai kuma ko jan kar a sa musu.

Ki gaya wa MC ya ba su filinsu na minti 5 tun da wuri, a sa musu waƙa su yi rawa a ɗauke su hoto da amarya, in suka samu nasu sun fi haƙura da na manya. Lokacin liƙi kuwa masu kula su tare su, don nan ne suke kutsawa tsintar kuɗi a tattaka su da takalma masu tsini.

Abin da ba na wasa da shi shi ne geti. Tun 2019 da aka gano yaran nan 9 da aka sace daga Kano a Onitsha ba wanda zai ce miki kin cika tsoro. Kowane ƙaramin yaro a rubuta lambar wayar uwarsa a manna masa a bayan riga, a gaya wa maigadi yaro ba ya fita sai da wadda ta kawo shi, ko banɗaki ne sai da rakiya, kuma wajen ajiye motoci ba wajen wasa ba ne. Ɗan ƙunshin tafiya gida, biskit da fensir da 'yar tsana ko mota, kwali ɗaya a kasuwar Singa ya isa biskit ɗin, ki ɓoye shi sai za a tashi, duk wanda ya zo da uwarsa a hannu shi ake miƙa wa. Ki kuma ajiye zannuwa biyu uku da famfas a kusurwar, don kafin ƙarfe 10 rabinsu sun baje a tabarmar nan suna barci.