Na'ana'a ce za ta riƙe miki jari, furen falo ya biyo baya

Wata 'yar kasuwa daga unguwar Zariya a nan Maradi ta aiko da tambaya. Tana sayar da kayan miya a ƙofar gida, ta kwashi adashin jika 60, tana son ta fara sayar da shuke-shuken tukunya ga mazauna gidajen haya, masu ciki da falo da taga ɗaya, babu tsakar gida. Ta ce me za ta saro, kuma kuɗin zai isa?

Malama, zai isa har ya yi saura, muddin ba ki kwashe shi duka kin saro furanni ba. A wannan sana'a mai haifar da shuka da hannunsa shi ke cin riba. Mai saro ta sayar kuwa, kowace tukunya da ta bushe a hannunta kuɗinta ne ya bushe.

Ki fara da na'ana'a. Garin da ba a rabuwa da butar shayi, ba sai kin yi wa kowa bayanin amfaninta ba. Ki samo dami mai kyau wurin masu lambu na bakin Gulbi ko na Jiratawa, ki yanke reshe kamar tsawon yatsa, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi sun fito kamar zare. Dami guda zai ba ki tukwane da yawa. Tana jure rabin inuwa, hantsi ya ishe ta, sai dai tana son ruwa kullum, kuma a ba ta tukunyarta ita kaɗai don tana mamaye wuri. Lawashi ma haka, daga gindin albasar da kike yankewa kina zubarwa. Ɗoɗɗoya kuwa sai rana ta kusan awa 6, kada ki sayar wa mai ɗaki mai duhu. Farsil, ganyen ƙamshin nan da ake sa wa abinci, ki bari sai sanyi ya shigo a Nuwamba, ba ya son zafi, kuma irinsa kan yi mako uku kafin ya tsiro.

Na ado da ke rayuwa cikin ƙarancin haske, moda ce kan gaba, wadda masu Faransanci ke kira harshen suruka. Ruwa sau ɗaya a mako biyu ko uku ya wadace ta. Ki riƙa raba 'ya'yan da ke fitowa a gindinta; in kika dasa yankan ganye, mai ratsin rawaya zai fito ba ratsin, kuma ratsin ne mai saye ke biya. Sai potos mai yaɗo, wanda reshensa ke yin saiwa a ruwa in akwai gaɓa a jiki. Zamiyokulkas, shuka mai ganye kore masu kauri da sheƙi, kyakkyawa ce, tana jure duhu fiye da yawancinsu, amma girmanta a hankali ne, za ta danne miki kuɗi. Guda biyu sun isa a yanzu. Ki faɗa wa iyaye gaskiya: potos da zamiyokulkas suna ƙona baki in yaro ya tauna, a ɗora su sama.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Na sha shiga falo na tarar da moda ta kwanta, in ka taɓa gindin ya narke yana wari, mai ita tana rantsuwa kullum sai ta ba ta ruwa. Ai shi ne ya kashe ta. Kowace tukunya ki huda ta a ƙasa, ki haɗa yashi da taki ruɓaɓɓe, ki koya wa mai saye ta tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ta bari. Lokacin hunturu a goge ƙurar ganye da tsumma mai laima. Wadda shukarta ta rayu ita ce za ta kawo miki ƙawarta.

Ga yadda zan raba kuɗin da ni ce: jika 15 uwayen shuka, jika 20 tukwanen ƙasa da taki, jika 10 rumfar zana, domin daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, ƙananan dashe ba sa kai labari a fili. Sauran jika 15 ki ɓoye, kada ki taɓa sai kin ga abin da ya fi tafiya. Kuɗin ruwan famfo ma ki sa shi cikin farashi, da yawa suna mantawa da shi.

Masu sayenki na farko su ne masu zuwa sayen tumatir yanzu. Ki jera tukwane uku kusa da tire, ki ɗora hotonsu a WhatsApp, ki nemi amare da ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Bashi dai kada ki bayar a kan abu mai rai, in ta mutu ba mai biyan ki. Kuma kada ki saki kayan miyan nan tukuna, ki ba shukar wata shida, ki rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a littafinta daban.