Tambayi Anti: Za a Yi Mana Titi, Ina Zan Kai Teburina?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Koko da ƙosai nake saidawa bakin hanya a Aboabo nan Kumasi, da shi nake riƙe yara. Wai za a faɗaɗa hanyarmu a yi gota, har an zo an shafa jan fenti a bangwaye. An kira mitin da safe lokacin ina kan wuta, maigidana ne ya je, ya dawo ya ce masu gidaje kawai aka rubuta. Ni da ba ni da takardar komai sai tebur da kasko, ina da wani haƙƙi kuwa?
Daga Mai Ƙosai, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin komai ki binciko kuɗin waye za a yi aikin da shi, galibi yana rubuce a allon da ɗan kwangila ke kafawa bakin hanya. In na Bankin Duniya ne to ƙa'idarsu ta ce ko wanda ba shi da takardar fili, in aikin zai taɓa abincinsa sai an taimaka masa ya koma wani wuri ya ci gaba da sana'a. Ba za a biya ki kuɗin ƙasa ba tunda ba taki bace, amma na tashi da cinikin da za ki rasa suna ciki. Sai dai akwai ranar rufe ƙidaya, wadda ba a rubuta ba kafin ranar ta yi asara, shi ya sa zancen "masu gidaje kawai" ya tsaya mini a rai. In kuma kuɗin gwamnati ne zalla to da ɗan wuya, don diyyar da kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya tanada ta mai dukiya ce, nan sai an bi ta wajen asambiliman, wakilin unguwa a asambili, wato majalisar ƙaramar hukuma.

Kuma don Allah wa ke kiran mitin da sassafe a zango ya ce yana son jin mata?? Lokacin mai koko na kan murhu, wata na layin famfo, wata na shirya yara. Haka ake zana gota mai zurfi babu wurin tsallakawa sai can nesa, wanda ya zana bai taɓa ɗaukar bokitin koko mai zafi a ka ba, babu fitila inda masu shiga kasuwar Kejetia da asuba ke jiran mota, babu bayi. Titi ya yi kyau a hoto, wadda take ci daga bakinsa ta koma gida zaune, to talaucin wa aka rage? Kin dai ga wahalar da matan Central Market suka sha da aka tashe su zuwa Racecourse don ginin sabuwar kasuwa.

A 2024 majalisar dokokin Ghana ta yi dokar da ta ce mata su kai kashi 30 cikin 100 na muƙamai zuwa 2026, daga baya su kai rabi. Amma zaɓaɓɓun mata a asambili ba su kai kashi 5 ba a zaɓen 2023, kar ki zauna jiran wannan.

Ki tara duk masu tebur na layin, mai waakye, mai tuya, mai lemo, ku rubuta sunayenku da abin da kowa ke saidawa da shekarun da ta yi a wurin. Ku ɗauki hoton teburan da jan fentin a bayansu, tikitin asambili da kuke yanka kullum kar ku yar ko ɗaya, shi ne shaidarku. Ku tafi da magajiya wajen asambiliman ku ce a sake mitin bayan la'asar, ku tambayi inda za a zaunar da ku kafin katafila ta iso, kuma a rubuta. Sunanki da lambar momo ɗinki ta karɓar kuɗi a waya za a sa a takarda, ba na maigida ba, ba don ana zarginsa ba, teburin dai naki ne. In an fara aikin ma leburori sai sun karya, ki nemi a ba ki gefe kusa da su.