Amsa ga ƙanena a Jos kan furotin masu manne ƙwayoyin halitta

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso ni, inda ka ce ka kammala digirin farko a fannin bayokemistiri a Jami'ar Jos, kuma ka ga wani ɗakin bincike a nan Jamus yana neman ɗalibin da zai yi aiki kan furotin masu manne ƙwayoyin halitta da kuma irinsu da ake ƙerawa a ɗakin gwaji. Ka tambaye ni ko fannin zai amfani mutumin da ya fito daga ƙasarmu, da abin da ya kamata ka sani kafin ka rubuta wa farfesan.

Jikin mutum ba tarin ƙwayoyi ba ne kamar gero a buhu. Akwai abin da ke riƙe kowace ƙwaya da maƙwabciyarta, kuma yana sakinta idan lokaci ya yi. Dangin kadherin, waɗanda Masatoshi Takeichi na Japan ya gano, su ne ke haɗa ƙwaya da 'yar'uwarta, kuma ba sa aiki sai da sinadarin kalsiyam. Dangin integirin, waɗanda suke iri 24 a jikin ɗan Adam, suna ɗaure ƙwaya da shimfiɗar da take zaune a kai. Sai selektin guda uku, da su ICAM-1 da VCAM-1, waɗanda ke tare fararen ƙwayoyin jini a bangon jijiya domin su fita zuwa inda ciwo yake. Wannan duk yana cikin littafi, kuma na san ka haddace shi don jarrabawa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, manyan cututtukanmu biyu ta hanyar wannan mannewar suke yin ɓarnarsu. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, idan ta shiga jar ƙwayar jini, takan fito da wani furotin nata mai suna PfEMP1 a bayan jar ƙwayar, wanda ke kama furotin irin su CD36 ko ICAM-1 ko EPCR a bangon jijiya, sai jar ƙwayar ta maƙale ta ƙi bin jini zuwa saifa inda za a halaka ta. Idan maƙalewar ta auku a ƙwaƙwalwa, shi ne yaron da ake kawowa asibiti a sume yana jijjiga. Idan a mabiyiyar mai ciki ce, wani nau'in PfEMP1 mai suna VAR2CSA ne ke aikin. Haka amosanin jini, wanda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu shi: P-selektin na cikin abubuwan da ke toshe ƙananan jijiyoyi lokacin da ciwon ya tashi. Har magani aka yi don tare shi, crizanlizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2019, Tarayyar Turai kuma ta janye izininsa a 2023 bayan wani gwaji ya kasa nuna amfaninsa. A ganina, wanda ya taso yana ganin waɗannan cututtuka a gidansu yana da tambayar da Bature ba shi da ita, kuma da ita ya kamata ka buɗe wasiƙarka.

Game da furotin ɗin da ake ƙerawa kuwa, ana ɗaukar ƙwayar gadon furotin ne a dasa ta cikin wata halitta domin ta riƙa samar da shi. Ƙwayar bakteriya ta E. coli ta fi arha da sauri, amma ba ta liƙa wa furotin sukarin da jikin mutum ke liƙa masa, shi ya sa aka fi noma irin waɗannan a ƙwayoyin dabba ko na mutum da ake reno a ɗakin gwaji, irin su CHO ko HEK293. Galibi ɓangaren da ke wajen ƙwaya kaɗai ake ƙerawa, a haɗa masa wata 'yar jela ta furotin, irin su Fc ko histidin shida, domin a samu abin kama shi wajen tacewa. Idan aka sayo shi, ɗan farin gari ne a gindin kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, wani lokaci ido ma ba ya ganinsa, amma kuɗinsa sai ka riƙe baki. Ana narka shi sau ɗaya, a rarraba a ƙananan bututu, a ajiye a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, sanyin da hunturun Jos bai taɓa mafarkinsa ba, domin yawan daskarewa da narkewa na kashe shi.

A shekarata ta farko na shafe faranti da E-kadherin, na zuba ƙwayoyi, na wanke, sai na tarar ko ɗaya ba ta zauna ba. Mako uku ina zargin kamfanin da ya sayar mana, har wata ma'aikaciyar ɗakin ta ɗaga kwalbar ruwan wankina ta nuna mini rubutun jikinta: babu kalsiyam a ciki. Kwalbar furotin guda ta tafi a banza, ni kuma na sha kunya a taron mako.

Saboda haka, kafin ka aika takardunka, ka nemi wuri ka sa hannu a aiki, ko da wata uku ne, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom ko a wani ɗakin gwaji na asibitin koyarwa da ke nan Jos. Ka koyi riƙe fifet, wato bututun auna ɗigon ruwa, da renon ƙwayoyi ba tare da sun gurɓace ba, da gwajin ELISA na gano furotin a cikin ruwa, sannan ka iya bayyana dalilin da ake barin wasu ramukan faranti da furotin albumin kaɗai don kwatanci. A hirar da za a yi da kai ta intanet, irin wannan farfesan zai tambaye ka, kuma kada ka rubuta cewa ka iya abin da a allo kawai ka gan shi, domin a makon farko za a miƙa maka fifet ɗin.

Ka turo mini daftarin wasiƙar in duba kafin ka aika, ka kuma gaishe mini da su Baba da Inna.